Babbar Rigar Surukina da Jirgin Ammu Salim

Na ji bayaninku sarai. Ku uku za ku yi hayar ƙaramar bas idan an yi hutun jami'a, ku riƙa kwasar 'yan'uwanmu daga nan Madina kuna kai su ƙauyukan masunta su ga teku. Kai Nazifi har ka ce abin ba shi da wata wuya, waya za ta nuna hanya, mutane su ɗau hoto, su ci kifi, a dawo. Tabɗi! Madalla da wannan waya. To ku gyara zama, shayi na kan wuta. Ni Haruna na yi shekara ashirin da ɗoriya ina zirga-zirga tsakanin unguwarmu ta Harra ta Gabas da gaɓar Bahar Maliya, kuma yau zan gaya muku yadda na rasa ƙofa mafi albarka da na taɓa samu a sana'ar nan. Ba wanda ya cuce ni, ni na yi wa kaina.

Tafiyata ta farko da Malam Idrisa na yi ta, Allah Ya jiƙansa. Bahaushen Sudan ne, Hausarsa rabi da rabi da Larabci, shi ya fara kai mutanenmu bakin ruwa tun lokacin da kowa ya tsaya a ziyarar Uhudu da Ƙuba. Na zo masa da gemuna da lasisina ina ji da kaina, ya dube ni ya ce, “Zauna a baya, ya akhi, ka buɗe ido ka rufe baki.” Wata huɗu bai bar ni na taɓa sitiyari ba! Da muka isa ƙauyen farko, fasinjoji suna ta ɗoki su sauka, sai ya kulle ƙofa, ya fita shi kaɗai, ya je wurin wasu tsofaffi da ke ɗinkin taru a inuwar bango. Ya tsuguna, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya sha gahawarsu. Sai da suka ce marhaba sannan ya dawo ya buɗe wa mutane.

A hanyar dawowa ya jero mini abin da waya ba za ta gaya muku ba. Ba a tsallake tarun masunci, ko da ya tare maka hanya, zagayawa ake yi. In ka ga kamun mutum, Masha Allah za ka ce ka wuce, ba ka tsaya kana nuna kifinsa da yatsa ba. Ƙofar gida in a buɗe take, kada baƙonka ya ɗaga mata waya, domin akwai mata a ciki. Sai kuma iska. Da safe tekun nan kwance yake lamo, amma ana yin azahar iskar arewa za ta taso, kuma ba ta neman izinin kowa. Wanda ya makara da safe, a kan ruwa zai gane kurensa.

Ga kayan aikina can a lungu, je ka duba, Mus'ab. Kula biyu, ɗaya ta ruwan sha, ɗaya ta kifin da mutane za su sayo. Buta biyu da tabarma. Citta da lemun tsami saboda masu jiri, da ledoji saboda waɗanda cittar ba ta yi wa aiki ba. Igiya. Rigunan ceto goma sha biyu, waɗannan masu ruwan lemo da ke hana mutum nitsewa. Da wuƙar nan mai ƙotar ƙaho, wadda nake ɗaurawa a ƙugu duk sa'ad da zan shiga jirgi. Malam Idrisa ne ya ba ni ita ranar da ya sallame ni.

Amma kai, sana'ar nan da daɗi! Ana sallame asuba mu ɗau hanyar Badar, duwatsu baƙaƙe hagu da dama, kowa na gyangyaɗi. Can in mun gangara na sauke gilashi, warin gishiri ya shigo, sai ka ga kawuna suna ɗagowa. Daga nan sai teku ya bayyana gaba ɗaya. Wallahi har yau ban gaji da wannan lokacin ba. Na taɓa ɗauko wata Hajiya 'yar Damagaram, shekararta talatin a Madina ba ta taɓa ganin teku ba. Ta dafe ƙirji ta ce, “Haruna, tsakaninka da Allah, wa ya zuba wa ruwan nan bula?” Jikokinta haihuwar nan suna ta tsalle, tana tambayarsu da Hausa ko sun gani, suna ba ta amsa da Larabci wai ya yi kyau ƙwarai. Na ga likitan da ke fiɗe mutane ba ko gezau ya ƙanƙame kujerar jirgi yana salati. Na ga ɗalibin da ya haddace littattafai ya naɗe wando yana bin ƙaguwa da gudu.

Akwai wani ƙauye a arewa da Yanbu, ba zan faɗi sunansa ba, shi ne zuciyar aikina. Gidajensa na dā da dutsen murjani da ake ciro wa daga teku aka gina su, tagoginsu na katako sun turo waje, an yi musu sassaƙa. Akwai ɗan masallaci da matakalarsa ta ƙarshe take cikin ruwa, mutum zai iya yin alwala a teku ya taka sau uku ya shiga sahu. Akwai itatuwan da ke tsaye tsakiyar ruwan gishiri kore shar, da tsohuwar hasumiyar fitila a kan tsauni, da wani ɗan tsibiri mai farin yashi da ake hangowa daga gaɓa. Duk wannan kowa zai iya nuna wa baƙi. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne Ammu Salim.

Ammu Salim tsohon masunci ne, siriri, rana ta ƙone shi, ba ya yawan magana. Ammu ɗin nan kamar mu ce baffa ne. Jirginsa shi ne na katako na ƙarshe a ƙauyen, kowa ya koma na roba. Mahaifinsa ne ya sassaƙa shi da hannunsa, an shafe shi da kore da fari, shi kuma ya ɗaura masa inji a baya. Da jirgin yake su, da shi yake ci da iyalinsa. Baƙina kuwa in suka gan shi sai su manta da hasumiya da masallaci, kowa so yake a ɗauke shi hoto a ciki. Shekara uku ina gaishe da mutumin nan kafin ya yarda ya ɗauki baƙina zuwa tsibiri. Ranar da ya yarda ya kafa mini sharaɗi ɗaya tak. Ya ce, “Ya Harun, na ga mutanenka suna sa riga mai faɗin tanti. Ba mai shiga jirgina da ita. Kowa ya cire, ya sa ta ceto. Kai za ka gaya musu, ba ni ba.”

Kuma na gaya musu! Wani farfesa ya taɓa zuwa mini da shadda tana ƙyalli, ya ce shi ba ya tuɓe riga a gaban ɗalibansa. Na ce, “Ranka ya daɗe, to ga inuwa can, ka jira mu, za mu kawo maka labari.” Ya harare ni, ya harari tekun, ya cire. Hajiyoyi ma ina sa su ɗaure mayafi tamau a ƙarƙashin rigar ceto. Ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, har aka sa mini suna Haruna Cire-Riga a unguwarmu.

Shekarar annoba kuwa, kada Allah Ya maimaita. Ba umara, ba baƙi, ba fita. Bas ɗina ta yi ta zama a ƙofar gida har tayoyinta suka sace. Da aka ɗan sassauta na koma dakon dabino da kayan miya daga gonaki zuwa shaguna, ni da nake nuna wa mutane teku. Wata rana da hantsi wani direban babbar mota ya buga mini waya wai in same shi a bakin hanya. Na je, ya sauke mini kula cike da ƙanƙara da kifi, irin wanda suke kira najil, ja jawur, guda shida. Ya ce, “Wani tsoho ne ya ce a kawo wa Harun na Madina.” Ko takarda babu. Sau huɗu yana yi mini haka a shekarar, alhali shi ma ba kasuwa yake yi ba. Ku riƙe wannan, don ku san irin mutumin da muke magana a kai.

Bayan an buɗe hanya sai surukina ya zo umara daga Kano, mahaifin mai ɗakina. Dattijo ne mai tsafta da kwarjini, ɗan kasuwar yadi, bai taɓa fita ko ƙofar gida ba babbar riga ba. Kai Mus'ab da aka haife ka a unguwar Jurf ta nan Madina, na ga kana murmushi, ba ka san mene ne suruki a wurinmu ba. Ni ban taɓa kallon tsabar idon Baba ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake tuɓe takalmi in durƙusa. In yana falo, ta kicin nake bi in shiga ɗakina, a gidana fa! Da ya gama ibadarsa ya aiko 'yarsa ta gaya mini yana so ya ga tekun nan da ake ta ba shi labari. Daɗi ya kashe ni. Na ce yau Baba zai ga cewa 'yarsa ba direban banza ta aura ba.

Na wanke bas har sau biyu. Na gayyaci maƙwabcina Dokta Bashir, likita ne, don ya riƙa yi wa Baba hira, tunda ni ba zan iya ba. Dokta ya sha bina, ya san ƙa'ida, da 'yar ƙaramar riga ya zo. Baba kuwa ya fito cikin farar shadda, babbar riga mai aiki har ciki, an buga ta ta sha sitaci, ga hula zanna ta zauna daram. Ina ganinsa na tuna da sharaɗin Ammu Salim. Na ce a raina, bari mu isa tukuna, wataƙila zafi ya sa ya cire da kansa.

Tafiya ta yi kyau, kai, ta yi kyau! Baba ya ga teku ya yi ta tasbihi. Ya shafa bangon murjani, ya tambayi Dokta yadda aka yi dutse ya fito daga ruwa. Ya yi nafila a ɗan masallacin, ya daɗe yana addu'a, ni kuwa ina satar kallon rana tana hawa. Ya tsaya ya gaisa da masu ɗinkin taru, shi da Hausa su da Larabci, suna ta dariya ba mai jin wani. Kafin mu iso wurin jirgi hantsi ya yi nisa sosai.

Ammu Salim yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, riƙe da igiya. Ya dubi Baba daga sama har ƙasa, sannan ya dube ni. Ya ce, “Ya Harun, rigar.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Na juya wajen Baba, idona a kan takalminsa, na ce, “Baba…” Ya ce, “Na'am, Malam Haruna?” In ce wa mahaifin matata ya tuɓe riga, a bainar jama'a, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki a gabana? Kunya ta rufe ni ruf. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “A taka a hankali, Baba, akwai santsi.”

Na koma wurin Ammu Salim na yi ƙasa da murya, na ce masa da Larabci, “Ya Ammu, baban matata ne. Ka bar shi yau kaɗai. Zan sa masa ido. A wuyana.”

Ya dube ni. Ya ce, “A wuyanka?” Na ce, “A wuyana.” Ya ja jirgin kusa.

Kuskure na biyu ma girmamawa ce ta jawo shi. Wurin zama mafi daɗi a jirgi shi ne na baya, kusa da mai tuƙi, ba ya jijjiga kuma ruwa ba ya fantsamo wa mutum. Nan na shimfiɗa wa Baba darduma, dab da inji. Rigar ceto ba ta hawa kan babbar riga, sai na ajiye masa ita a gefe da hannu biyu, ban ce ya sa ba. Shi kuma ya zaci matashi ce, ya jingina da ita.

Zuwa lafiya lau. Mun taka tsibiri, Baba ya ɗebi farin yashi a leda zai kai wa jikoki, muka yi azahar a can. Muna juyowa iska ta fara kaɗawa. Gaban ƙauyen akwai duwatsun murjani da suka yi shinge a ƙarƙashin ruwa, ƙofa ɗaya ce siririya ake bi a shiga, dole mai tuƙi ya rage gudu ya saita hancin jirgi. Muna dab da ƙofar nan sai ga waɗannan manyan halittun ruwa masu tsalle a gefen jirgi, waɗanda masunta ke kira abu salama. Uku ne, suka yi sama tare suka faɗo. Baba ya miƙe zumbur! Dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya ce, “Allahu Akbar! Dokta, ka gani? Ka gani?” Ya leƙa ta baya yana nuna su da hannu biyu. Ni ma su nake kallo, ni da na ce zan sa ido.

Hannun rigar da ya naɗe a kafaɗa ya warware. Iska ta buɗe shi, ta kwantar da shi a kan ruwa, farfelar inji ta cafke.

Ji kawai na yi injin ya yi gurnani ya mutu, Baba kuma ya tafi da baya. Rabin jikinsa ya fita daga jirgi, wuyan rigar ya shaƙe shi, idanunsa suka firfito. Dokta ya rarumo ƙafafunsa. Ni ban san lokacin da na tsallake kujeru biyu ba. Na cakumi surukina ta ƙeya, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na zare wuƙa na sa a wuyan rigar na tsarge ta tun daga sama har ƙasa. Aikin nan mai tsada ya rabe biyu. Muka faɗo cikin jirgi ni da shi, ina kansa, yana tari.

Ammu Salim bai ko kalle mu ba. Ya ɗaga injin sama ya daka mini tsawa, “Yanke! Yalla, yanke!” Ya ɗauki doguwar sanda ya ruga gaba yana tokare duwatsu, domin iska ta riga ta juya jirgin a karkace tana tura mu kan murjani. Ya jefa ƙugiyar tsayar da jirgi, ta ƙi kamawa. Na kwanta a kan cikina na leƙa baya ina yanka. Ku da kuke ganin shadda a jikin mutum ba ku san ƙarfinta ba. Ta nannaɗe farfelar tam kamar igiyar rijiya, ga ta jiƙe. Ina yanka, igiyar ruwa na dukan fuskata, ina jin tsohon nan yana nishi a gaba, shi kaɗai yana tare jirgi da sanda. Saura kaɗan in gama, sai na ji ƙarar daga ƙarƙashinmu. Ƙarass! Jirgin ya ɗaga ya sake zama, ya ƙara yin ƙara.

Ruwa ya fara ɓulɓulowa ta tsakanin katakai. Dokta ya juye kular ruwan sha yana kwasa da ita. Baba, daga shi sai 'yar ciki da wando, ya durƙusa yana kwasa da hularsa. Na fizge ƙyallen ƙarshe, Ammu Salim ya dawo ya ja injin sau uku ya tashi. Da ƙyar muka shige ƙofar, ruwa ya kai mana ƙauri. Mutanen ƙauye sun hango mu, suka shigo ruwa suka taya mu jan jirgin kan yashi. Kowa ya tsira, ko ƙwarzane babu sai jan layi a wuyan Baba.

Aka kifa jirgin. Katakai uku sun tsage, kuma babban katakon ƙasa, wanda dukan jirgin yake kansa, ya karye. Ammu Salim ya tsuguna ya bi karayar da tafin hannu, a hankali, daga farko har ƙarshe. Wani tsoho a gefe ya girgiza kai ya ce masassaƙin da ya iya irin wannan gyara ya rasu tuntuni. Na matsa na ce, “Ya Ammu, duk abin da za a yi, ni zan yi.” Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, “Na tambaye ka a bakin ruwa, ya Harun. Ka ce a wuyanka. Ga shi a jirgin babana ya sauka. Kada ka sake kawo mini kowa.” Ya juya ya nufi gida.

Baba yana zaune a kan wani dutse, Dokta ya yafa masa tawul. Ya kira ni. Na je na durƙusa, kaina a ƙasa.

Ya ce, “Malam Haruna, me bawan Allahn nan ya ce maka?”

Ba yadda zan yi, na gaya masa duka. Na ce tsohon yana da sharaɗi, ba a shiga jirginsa da babbar riga, kuma ni ne aka ɗora wa in faɗa wa kowa, yau ma ya tuna mini, ni na roƙe shi ya yi shiru.

Baba ya ce, “Ɗago ka dube ni.” Na ɗago. Ranar na fara sanin cewa idanunsa irin na 'yarsa ne. Ya ce, “Yanzu saboda tsumma ka sa mutum ya rasa abin cin abincinsa? Me ya hana ka faɗa mini? Da ka ce in cire, ai da na cire.”

Jirgin Ammu Salim bai sake shiga ruwa ba.